Canjin boila a Ingila: me doka ta ce dole sai an sa?

Maman Hanifa, Leicester:
Salamu alaikum 'yan uwa. Boilarmu, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida, ta mutu, ga hunturu ya kawo jiki. Mai gyara ya kawo lissafi, na ga ya ƙara kuɗin makunni mai lambobi a jikin kowace radiyeta (ƙarfen da ke ɗumama ɗaki), wai doka ce. Gaskiya ne, ko ya ga baƙuwa ne? Wanda ya taɓa canzawa ya ba mu labari.

Baban Khalil, Manchester:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bai cuce ki ba. Tun Yunin 2022 da aka sabunta sashen L na dokokin gini, in an canza boila sai an sa wa radiyetoci wannan makunnin da suke kira TRV, mai rage zafi da kansa idan ɗaki ya yi ɗumi. Ɗakin da na'urar auna ɗumin gidan take shi ake bari, don kada su biyun su riƙa ja-in-ja. Haka aka yi mana bara. Ɗakin baƙi a lamba 1 nake barinsa sai ranar da aka yi baƙo.

Kawu na Peckham:
Ni na riga wannan dokar, a 2019 na canza. Lokacin tsarin Boiler Plus na 2018 ne: ingancin boila ya kai kashi 92 cikin 100, da agogon kunnawa da kashewa, da na'urar auna ɗumi. Tawa kuma combi ce, marar tankin ruwan zafi, sai aka ce in ƙara abu ɗaya cikin huɗu. Na zaɓi na'urar sarrafa ɗumi da ake juyawa daga waya. Yanzu yara sun fi ni iya ta, ina ragewa suna ƙarawa daga ɗakinsu.

Anti Bilki, Bradford:
Mu komai muka sake, har bututu. Da yake gidan ya haura murabba'in mita 150, sai da aka raba sama da ƙasa, kowanne da na'urarsa. Radiyetocin ma manya aka sa, saboda sabon tsari ana tsara shi ne ruwan kada ya wuce digiri 55. Ranar farko na taɓa na ji ba su ƙona hannu, na kira mai aikin da faɗa, ya ce haka ake so.

Malam na Glasgow:
Mu nan Scotland dokarmu daban, Boiler Plus ta Ingila ce. Amma Hajiya, ki ce ya nuna miki katinsa na Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, kafin ya taɓa komai, kuma ki bibiyi takardar shaidar da ke zuwa bayan ya sanar da hukuma aikin. Da ƙanena zai sayar da gidansa a Leeds, ita lauyan mai saye ya nema.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Gobe zai dawo, katin zan fara tambaya.