Yaya haske zai haɗu da haske ya haifar da duhu?

Ɗalibar Birni:

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram, ɓangaren kimiyya, ina kuma shirin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare. Darasin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda yake cewa haske igiya ce, irin wadda ake gani a kan ruwa idan an jefa dutse. Da yake ba mu samu yin gwajin da hannunmu ba, sai na koma ga bidiyoyin koyar da fizik na YouTube, galibinsu da Faransanci, ina sauke su a waya ina kallo a tsanake. Sun taimaka mini, amma sun bar ni da tambayoyin da littafi bai amsa ba.

A kusan kowane bidiyo ana zana haske da layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, yana hawa yana sauka. Idan haka yake tafiya, me ya sa hasken rana da ya shigo ta hudar kwanon rufi muke ganinsa a miƙe sambal cikin ƙura? Kuma mene ne ainihin abin da yake kaɗawa, tunda an ce tsakanin rana da duniya babu ruwa babu iska?

Tambayar da ta fi damuna ita ce gwajin Young. An haska tsaga biyu, sai ga ratsin haske da ratsin duhu a jere a bango, aka ce ratsin duhun wuri ne da haske ya haɗu da haske suka kashe juna. To ina hasken ya tafi? Idan kuma gaskiya ne, me ya sa ba ma ganin ratsin duhu idan mun kunna ƙwai biyu na lantarki a ɗaki ɗaya? Wani lokaci nakan yi shakkar ko abin da ake nuna mana zanen kwamfuta ne kawai. Ina roƙon masu sani su warware mini, Allah ya saka da alheri.

Malamin Fizik, Garin Malam:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Shakkarki tana kan hanya, domin layin nan mai hawa da sauka ba hanyar da haske yake bi ba ce, kuma masu bidiyo da yawa ba sa tsayawa su faɗi haka. Layin jadawali ne da yake nuna yadda ƙarfin lantarki yake ƙaruwa ya ragu, ya juya ta wancan gefe, a kowane wuri da hasken ya ratsa. Babu wani abu mai jiki da yake tsalle sama da ƙasa. Abin da yake kaɗawa shi ne filin lantarki da filin maganaɗisu, kowanne yana tayar da ɗan'uwansa, kuma ba sa bukatar ruwa ko iska su ɗauke su. James Clerk Maxwell ne ya fitar da wannan da lissafi a 1865, ya ga saurin irin wannan igiya ya yi daidai da saurin haske, wato kusan kilomita dubu 300 a daƙiƙa. Malaman wancan zamani ma sun yi tambayarki, har suka ɗauka akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya wanda shi ne yake kaɗawa, amma da Michelson da Morley suka neme shi da awo mai tsanani a Amurka a 1887 ba su ga alamarsa ba.

Miƙewar hasken da kike gani cikin ƙura kuwa, ƙanƙantar zangonsa ce ta jawo ta. Tsawon zango shi ne tazarar da take tsakanin tudun igiya da tudun da yake bi masa, kuma a hasken da ido yake gani yana tsakanin nanomita 400 ga launin shuni da 700 ga ja. Milimita guda idan an raba ta gida miliyan, kowane gida shi ne nanomita. Ƙa'idar ita ce igiya tana bazuwa ta kewaye abu idan girman abin bai fi zangonta da yawa ba. Shi ya sa kike jin kiran salla daga bayan katanga ba tare da kin hango ladan ba: zangon muryarsa ya kai wajen mita guda, yana iya zagaye katangar, na haske kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Hudar ƙusa a kwano ta fi zangon haske sau dubbai, don haka bazuwar ba ta kai ido ya lura da ita ba. Idan aka matse tsagar ta koma kamar kaurin gashi, sai halin igiyar ya bayyana.

Game da inda hasken ya tafi, bai tafi ko'ina ba, rabonsa ne ya sauya. A wurin da tazarar tafiya daga tsaga biyun ta bambanta da rabin zango, tudun wannan yana faɗawa kan kwarin waccan, sai a samu duhu. A wurin da tudu ya hau kan tudu, tsayin igiyar yana ninkawa biyu, kuma da yake ƙarfin haske yana bin tsayin ne idan an ninka shi da kansa, hasken wurin ya ninka na tsaga ɗaya sau 4, ba sau 2 ba. Ki haɗa 4 da sifili ki raba biyu, za ki samu 2, daidai abin da tsaga biyu suka shigar. Wannan ɗan lissafin shi ne abin da na fi so a ce kowane bidiyo ya nuna, amma sukan yi gaggawar wucewa zuwa launuka masu ɗaukar ido.

Ƙwai biyu na lantarki ba sa ba da ratsi saboda ba su da daidaito da juna. Kowane ƙwai yana fitar da guntayen igiyoyi barkatai masu zango iri-iri, wurin da ya yi duhu a wannan ƙiftawa ya zama haske kafin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, ido kuwa matsakaicin kawai yake gani. Dabarar Thomas Young ita ce ya ɗauki haske daga tushe guda ya raba shi biyu. A abin da ya gabatar a Landan a 1803, hasken rana ne ya shigar ta ƙaramar huda, ya gitta masa siririn kati, ratsin ya bayyana cikin inuwar katin, da ya tare hasken gefe ɗaya kuma sai ratsin ya ɓace. Ba a karɓi maganarsa da sauƙi ba, saboda girman sunan Newton, wanda littafinsa na 1704 ya karkata ga cewa haske ƙwayoyi ne, duk da Huygens ya kawo ra'ayin igiya tun 1690. Sai da Fresnel ya miƙa lissafinsa ga majalisar masana kimiyya ta Faransa a 1818, masanin lissafi Poisson ya ce idan lissafin daidai ne to dole a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwar faifai, yana nufin ya rushe shi ke nan, Arago ya gwada ya ga ɗigon.

Baba Mai Rediyo, Zango:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni ban yi karatun lise ba, gyaran rediyo ne sana'ata, amma jikata abin da kike tambaya muna jinsa da kunne tun kafin a fara waɗannan bidiyoyi. Duk wanda ya saurari tashoshin waje a gajeren zango, kan mita 19 ko 25 ko 31, ya san yadda murya take ɗagawa ta sauka har ta kusa ɓacewa sannan ta dawo, alhali babu wanda ya taɓa akwatin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne saƙon yana isowa ta hanya fiye da ɗaya bayan ya dawo daga sama, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su danne juna. Mitocin nan da ake faɗa tsawon zangon ne, kuma idan kika raba 300 da lambar megahaz, wato lambar da ake kama tasha a kanta, za ki same shi: tashar FM da take kan 100 zangonta mita 3 ne. Tunda igiyar rediyo da ta haske dangi ɗaya ne, girman zango ne ya raba su, ni ban ga abin mamaki ba a ce haske ma yana danne haske.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou:

Ina gaida Malam da Baba. Ƙanwata, zan ɗan kare masu bidiyo, domin akwai abin da allo da alli ba za su iya nunawa ba, musamman yadda igiyoyi biyu suke ratsa juna suna tafiya. Abin lura shi ne ki bambanta zanen kwamfuta da hoton gwaji na gaske. Zanen yana nuna abin da lissafi ya ce, ba hujja ba ce. Hujja ita ce bidiyon da za ki ga fitilar da tsagar da bangon, a faɗa miki faɗin tsaga da nisan bango, yadda za ki iya tsayar da shi ki ɗauki biro ki lissafa ki gani ko ratsin ya faɗa inda ya kamata. Akwai kuma manhajar PhET ta Jami'ar Colorado, kyauta ce kuma tana da Faransanci, inda ke da kanki za ki matse tsaga ko ki sauya launi. Kafin ki taɓa komai ki fara faɗin abin da kike zaton zai faru, domin kallo kawai yana sa mutum ya ji kamar ya gane alhali bai gane ba.

Amma maganin shakkarki yana cikin ɗakinku. Ki nemi ƴar fitilar leza ja irin wadda ake rataya wa makulli, ana iya dacewa da ita wurin masu tociloli a Kasuwar Dole, zangonta kusan nanomita 650 ne. Ki yanke taga a kwali, ki ɗame silin gashi guda a tsakiya da salatif, ki haska shi da dare zuwa bangon da yake nisan mita 3. Za ki ga ɗigo mai ƙarfi a tsakiya da jerin gajerun layuka dama da hagu, duhu yana raba su. Ki auna daga tsakiyar duhu zuwa tsakiyar duhun da yake biye a gefe ɗaya, gara ma ki auna guda biyar ki raba. Kaurin gashin shi ne zango sau nisan bango a raba da wannan tazara, don haka idan kin samu santimita 2.4, gashin milimita 0.08 ne. Da haske ƙwayoyi ne masu tafiya a miƙe kawai, siririyar inuwa ɗaya za ki gani.

Tsohon faifan CD ma yana aiki, domin layukan da suke kansa suna da tazarar mikromita 1.6, wato nanomita 1600, kuma su ne suke ba shi launukan bakan gizo. Idan kika haska shi kai tsaye, ɗigon farko zai dawo da karkatar kusan digiri 24, wato wajen santimita 45 daga tsakiya a nisan mita guda. Ki kiyaye sosai kada hasken ya shiga idonki ko na yara, ko kai tsaye ko bayan ya dawo daga faifan, domin leza tana lahanta ido.

Ɗalibar Birni:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Baba da Yaya. Lissafin 4 da sifili ya warware mini babbar matsalar. Saura abu guda: wani bidiyon ya ce Einstein ya nuna haske ƙwayoyi ne da ake kira foton. Ke nan Newton ne yake da gaskiya?

Malamin Fizik, Garin Malam:

A'a ɗiyata, foton ba ƙwayar Newton ba ce. Ra'ayin Newton ya kai ga cewa haske zai fi sauri a cikin ruwa, Foucault kuwa ya auna a 1850 ya ga yana rage sauri, kamar yadda ra'ayin igiya ya faɗa, kuma yau mun san kusan kilomita dubu 225 ne a daƙiƙa. Abin da Einstein ya kawo a 1905 shi ne haske yana miƙa ƙarfinsa ga ƙarfe a dunƙule-dunƙule, girman kowane dunƙule kuma ya dogara ne ga yawan kaɗawar igiyar, wato ko a cikin bayaninsa igiyar tana nan. A 1909 G. I. Taylor ya rage haske ƙwarai da gaske a Cambridge, ya ɗauki hoton inuwar allura har na tsawon kusan wata 3, ratsin ya fito kamar yadda yake fitowa da haske mai ƙarfi. Da na'urorin yau ana ganin foton suna sauka ɗigo-ɗigo, suna taruwa inda lissafin igiya ya ce haske, suna ƙaurace wa inda ya ce duhu.

A bak dai abin da za ki fi bukata shi ne tazarar ratsi, wato zango sau nisan bango a raba da tazarar tsaga biyun. Da jan haske na nanomita 650, bango a mita 2, tsaga biyu da tazarar milimita 0.5, amsar milimita 2.6 ce. Ki sake lissafin da koren haske na nanomita 532, sannan ki sake shi da jan idan an nutsar da kayan gwajin duka cikin ruwa, inda zangon yake raguwa, sai a raba shi da 1.33, ki kawo mana amsoshin biyu mu duba.