Wa ke ƙarar da itatuwa, murhun ƙauye ko buhun gawayi?

Malamin makaranta daga Ɗambatta: Assalamu alaikum. A ganina girki da itace a ƙauyukanmu shi ne babban abin da ke ƙarar da daji, domin babu gidan da ba ya hura wuta safe da yamma, kuma murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe. Da mutanen karkara za su koma ga gawayi, da an sami sauƙin hayaki da na sare-sare.

Ma'aikaciyar gandun daji: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gawayi ai itace ne da aka riga aka ƙona sau ɗaya, kuma idan an tara gungume an rufe da ƙasa kamar yadda ake yi a daji, sai an cinye kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1. Matar ƙauye ƙirare take tsintowa, da busassun rassa, da karan dawa, da totuwar masara, wani lokaci har da kashin shanu. Mai gawayi kuwa ɗanyar bishiya yake kayarwa daga gindi, kuma ba kowace iri ba, sai ƙirya da marke da kaɗanya, saboda garwashinsu yana daɗewa. Buhunan da ake jerawa a bakin titi birni suke nufa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga kuma tsadar iskar gas, gidaje da yawa a birni sun koma kan kurfoti.

Ungozoma daga Katsina: Hajiya, kin yi gaskiya, amma kada a manta da mai girkin. Da damina za ki tarar da uwa ta durƙusa tana hura jiƙaƙƙen itace, idanunta jawur, ga jariri a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Gawayin ma da ake yabo, idan aka kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, yana kisa ba tare da an ga hayaki ba.

Manomi daga Maraɗi: Mu a nan da itace muke girki, amma bishiyoyi ƙaruwa suka yi. Tun daga 1983 aka fara sassabin zamani, wato idan kututture ya yi toho a gona sai a bar rassa masu ƙarfi a datse sauran, a kai gida a yi girki. Ta haka gawo da sabara suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Malamin makaranta: Na karɓi maganar gawayi, Hajiya. Sai dai har yanzu ina ganin jama'a sun yi yawa, kuma mutumin ƙauyen ne dai ke riƙe da gatarin.

Ma'aikaciyar gandun daji: Shi ke riƙe da gatarin, Malam, amma dillalin birni ne ke kawo mota da kuɗi a lokacin da rumbu ya ƙare. Baba na Maraɗi, ina so ka bayyana mana yadda kuke hana wani ya sare bishiyar da ka rena a gonarka da rani, domin a wajenmu nan ne aikin yake lalacewa.