An kira dillali ɗan damfara a intanet: me ake yi, kuma me ke jawo shi tun farko

Dillalin gidajen haya, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. A da idan ciniki ya ɓaci, a zaure ko gaban mai unguwa ake kashe maganar, mutum biyar ne suka ji. Yanzu wanda ya ji haushi sai ya ɗora hotonka da lambarka a Facebook ko TikTok ya rubuta "a guji wannan mutumin", kafin la'asar abin ya zaga guruf-guruf na WhatsApp. Mai neman gida kuma, kafin ya kira ka, ya riga ya sa lambarka a Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, ya sa sunanka a Google. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani yana aiki: ranar da aka yi maka irin wannan rubutun, me ake fara yi? Sannan me ya fi jawo shi?

Mai kula da shafukan 'yan kasuwa, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Abin farko shi ne kada ka amsa da zafinka. Ka ɗauki hoton rubutun a wayarka yadda sunan mai shi da kwanan wata da lokaci za su fito, ka kwafi adireshin rubutun ka ajiye, in bidiyo ne ka sauke shi. Mutane suna gyara rubutu ko su goge bayan ya gama yaɗuwa, sai ka rasa abin nunawa. Bayan nan ka koma kan cinikin: rasit, saƙonnin WhatsApp, shaidar tura kuɗi, da sunan wanda ya raka shi kallon gida. Sai ka kira shi, ba ka rubuta masa ba, domin murya tana sanyaya abin da rubutu ke hurawa.

Amsar fili guda ɗaya ake yi, a ƙarƙashin rubutun nasa, layi uku ko huɗu: ka ga ƙorafin, ga abin da ya faru a taƙaice, ga abin da za ka yi da ranar da za ka yi shi. Ba don shi kake rubutawa ba, don masu karantawa ne, waɗanda ba za su ce komai ba amma su ne masu neman gida gobe. Idan ya sake zagi, ka bar shi. Yawan musu a ƙarƙashin rubutu shi ke sa Facebook ya ƙara nuna wa mutane shi, ka ga da hannunka kake tallata abin da kake so ya mutu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura yaranka su shiga su zazzage shi. Mai karatu yana ganewa nan take. Na biyu, goge ƙorafi idan a shafinka aka yi. Mai shi ya riga ya ɗauki hoto, zai dawo da cewa "ya goge don ba shi da gaskiya", laifi ya zama biyu. In akwai ashar a ciki, Facebook ya ba ka damar ɓoye kwament: mai shi da abokansa suna gani, sauran jama'a ba sa gani.

Tsohon dillalin filaye, Kano

Ɗana, ka yi magana, amma ka fara daga tsakiya. Mafi yawan abin da ake kira damfara a wannan sana'a ba damfara ba ce, layin 'yan kayi-nayi ne. Fili ɗaya, mai shi ya ba mutum ɗaya, kafin ya kai ga mai saye ya bi hannu biyar, kowa ya ɗora nasa. Mai saye ya gan shi a shafinka miliyan 9, gobe ya gan shi wajen wani miliyan 7 da rabi. Ba zai nemi wanda ya ƙara ba, wanda ya gani da ido shi zai kira ɓarawo. Don haka duk kayan da ba ka zauna da mai shi ba, ko dai kada ka ɗora, ko ka rubuta ƙarara cewa ta hannun wani dillali ya zo.

Sai takarda. Kalmar "takardu sun cika" ta fi komai jawo wa dillali zagi, domin ba ta nufin komai. Ka faɗi sunan abin da ke hannu: C of O ne (takardar shaidar mallaka ta gwamnati), R of O ne (takardar ba da haƙƙin zama a fili), ko takardar ciniki ce da shaidar mai unguwa da dagaci. In awon igiya ne, wato filin da aka yanka ba bisa tsarin gwamnati ba, ka ce awon igiya ne, akwai masu sayensa da saninsu. In mai C of O ne, ka gaya wa mai saye ya je ya yi bincike da kansa a hukumar bayanan filaye, wato KANGIS in Kano ne, ko KADGIS in Kaduna ne, ko AGIS in Abuja ne, kafin ya ba da ko kafin alƙalami. Ka kuma sanar da shi cewa a dokar filaye ta 1978 sauya mallakar irin wannan fili sai da amincewar gwamna, kuma da kuɗinsa daban. Wanda ya ji wannan daga bakinka tun farko ba zai zo ya yi bidiyo bayan wata shida ba.

Girma ma haka. An rubuta 50 da 100, mutum ya zo da tef ya auna ya samu 45 da 90 saboda an ci hanya. Cikakken fuloti na ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, wancan kuwa bai kai 380 ba. Ka auna da kanka kafin ka rubuta lamba.

Hajiya mai kula da gidajen haya, Abuja

Baba ya gama maganar fili, bari in taɓa haya, don a nan hoto ke kashe suna. Kyamarar waya tana da wurin da aka rubuta 0.5. In ka ɗauki ɗaki da shi, ɗan ɗaki mai ƙafa 10 da 10 sai ya fito kamar falo. Mutum ya biya kuɗin mota daga Kubwa zuwa Lugbe da matarsa, ya buɗe ƙofa ya ga gado kaɗai zai cinye wurin. Tun a nan ya fara rubuta abin da zai ɗora. A bar kyamara a 1, a rubuta girman ɗaki da lamba.

Bidiyo kuma a yi shi a tafiya ɗaya ba yankewa: daga bakin titi, a bi layin, a nuna kwata, a shiga ƙofa, a buɗe famfo a ga ko ruwa na zuwa, a nuna mita, a ɗaga kyamara a nuna silin. Tabon yoyo a silin ba ya ɓuya wa wanda ya zo, gara ya gani a bidiyonka. Gidan da layinsa ke cika da ruwa a watan Agusta, in ka tallata shi da rani, ka faɗa. Mai haya zai kai damina a gidan, kuma lambarka tana wayarsa.

Lissafi a rubuta shi duka a saƙon farko: kuɗin haya, la'ada, kuɗin lauya na yarjejeniya, kuɗin ajiya na gyara in akwai, da kuɗin kallo. An saba kashi 10 cikin 100 la'adar haya a wurare da dama, ba wanda ke faɗa a kan wannan. Faɗan yana tasowa ne in mutum ya zo da kuɗinsa cif sannan aka fara fito masa da sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin kallo kuwa, ni a ganina ɗan abin da ke cikinsa bai kai ɓarnarsa ba. In dole sai ka karɓa, ka faɗi gida nawa za a nuna a kai, kuma gidan da aka gani a hoto ya zama na farko.

Wani abu ƙarami da ake rainawa: gidan da aka riga aka kama, a cire shi ranar. Status na WhatsApp yana ɓacewa da kansa bayan awa 24, amma tallan da aka ɗora a Facebook da shafin saye da sayarwa na Jiji yana nan. Mutum ya kira ka ce "an kama, amma akwai wani", shi a wurinsa tarko ka kafa.

Dillalin gidajen haya, Kano

Hajiya, Allah ya saka. To in ƙorafin ƙarya ne tsagwaronta fa, mutumin ma ba ku taɓa ciniki ba? Ba sai a kai shi ga hukuma ba?

Lauya, Zariya

Malam, hanya tana nan, amma a san inda take kaiwa. Ɓata suna laifi ne a Penal Code, dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, kuma ana iya shigar da ƙarar neman diyya. Sai dai in abin da ya faɗa gaskiya ne kuma yana da hujja, kai ne za ka fito da kunya, yanzu kuma a gaban alƙali. Mutane suna yawan ambaton sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ba su san an yi masa gyara a 2024 an taƙaita shi ba. Ba kowane rubutu mai ɓata rai ke shiga ƙarƙashinsa yanzu ba. Sannan sa a kama wanda ya yi ƙorafi kan kasuwanci yakan tayar da ƙurar da ta fi ta farko, jama'a su koma bayansa ko da shi ne marar gaskiya.

Abin da ya fi saurin aiki shi ne wasiƙar lauya mai shafi ɗaya: ga kalaman, ga dalilin da suke ƙarya, a janye cikin kwana bakwai a wurin da aka ɗora su. In za a je kotu, hoton waya kaɗai ba ya wadatarwa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar bayanin na'urar da aka ciro hujjar daga ita, don haka kada a sayar da wayar ko a goge ta.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya. Wajen kare kai, dillalai suna ɗora katin NIN na abokin ciniki, ko rasit mai lambar asusunsa, ko hirarsu gaba ɗaya. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hana yaɗa irin waɗannan ba da dalili na doka ba. Ka shafe suna da lamba da adireshi kafin ka nuna komai.

Tsohon dillalin filaye, Kano

Barista, kafin wasiƙarka akwai mataki. Kusan duk mai ƙorafi akwai wanda ya haɗa ku, ko wanda yake jin nauyinsa. A nemi wannan, a zauna wajen shugaban dillalan yankin ko mai unguwa. In akwai haƙƙinsa a biya shi a gaban shaidu. Sharaɗi ɗaya za ka nema: ya koma inda ya yi rubutun ya ce an sasanta. Wannan ya fi gogewa amfani, domin waɗanda suka karanta zargin ba za su san ya goge ba, amma za su ga ya dawo.

Mai kula da shafukan 'yan kasuwa, Kaduna

Haka ne, Baba. Sau da yawa ma wanda bai taɓa ciniki da kai ba da gaske an cuce shi, sai dai ba kai ba ne. Wani ya kwashi hotunanka ya buɗe shafi da sunanka, ya karɓi kafin alƙalami a asusunsa. Maganinsa uku. Ka sa suna da lamba a tsakiyar hoto, ba a gefe ba inda za a yanke. Ka rubuta sunan asusun da kake karɓar kuɗi a saman shafinka, ka ce ba ka da wani. Kuma duk mako ka sa hotunanka biyu ko uku a Google Lens, mai bincike da hoto, ka ga inda suka bayyana. In ka samu na bogi, ka kai rahoton kwaikwayon suna, ka sanar a shafinka ranar. WhatsApp ɗinka ma ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, kuma lambar nan shida da ke shigowa ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko ya ce daga ƙungiyar dillalai yake kira.

Asusun bankin nan ya fi kyau ya zama na kasuwanci. Ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wanda kowa zai iya dubawa kyauta a shafinsu, sannan ka yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, domin harkar gidaje tana cikin waɗanda dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa wa wannan. Dokar ta kuma hana biyan kuɗi a hannu sama da miliyan 5 ga mutum ɗaya, miliyan 10 ga kamfani. Sunan CAC, sunan asusu, sunan allon ofis da sunan shafi su zama ɗaya, harafi da harafi. Ka yi rajistar lambarka a Truecaller ka sa wannan sunan, in ba haka ba abin da mutane suka ajiye ka da shi ne zai riƙa fitowa.

Matashin dillali, Katsina

Ƙarin bayani kan Google, yayyena. Shafin kasuwanci na Google, inda jama'a ke rubuta ra'ayinsu su ba da taurari, kyauta ne, yawanci da bidiyo ake tabbatarwa, ka nuna allon ofis da titi da cikin wurin. Mai kasuwanci ba ya iya goge ra'ayin da aka rubuta masa, rahoto kawai zai kai, su kuma suna cire wanda ya saɓa ƙa'idarsu ne, ba wanda ya yi maka zafi ba. Abin da ke kare ka yawan ra'ayoyi masu kyau ne. Mutum huɗu sun ba ka taurari biyar, ɗaya ya ba ka tauraro ɗaya, ka sauko 4.2. In arba'in ne suka ba ka biyar, wannan ɗayan 4.9 zai bar ka.

Lokacin roƙo shi ne ranar miƙa makulli, mutum yana cikin farin ciki, ka tura masa adireshin wurin rubutawa nan take. Bayan mako biyu ya manta. Kada a sayi ra'ayi, kada a ba da katin waya don a rubuta, ƙa'idar Google ta hana, kuma ra'ayi ashirin da suka shigo rana ɗaya daga sababbin asusu sukan ɓace tare. Da yawa cikin abokan cinikinmu ba sa rubutu, saƙon murya suke turowa na godiya. Ka nemi izininsu a cikin hirar kafin ka ɗora a status, musamman in mace ce.

Hajiya mai kula da gidajen haya, Abuja

Ƙanena ya tuna min. Hoton cikin gidan da mutane ke zaune, shi ma sai da izini. Mai haya na shirin tashi, dillali ya shigo ya ɗauki bidiyo da kayansu da hotunan bango da yara, ya ɗora a TikTok. Mai gida ne ya ba ka izinin talla, amma mutanen cikin ba su ba ka ba. A jira su kwashe, ko a nuna waje da tsakar gida kawai, ɗakuna kuma sai ranar kallo, bayan an yi musu sallama an sa lokaci.