Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ko kuwa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba?

'Yar Fari:
Salam jama'a, dan Allah a raba min gardama. Wata biyu kenan bana samun barci sai wajen ƙarfe uku, abubuwan da nake so a da duk sun fita raina, ko wanka sai na yi kokawa da kaina. Na faɗa wa yayata tace in yi haƙuri in rufe bakina, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙawata kuma tace barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, in fito da abin da ke cin raina. To wanne zan ɗauka, tunda duka biyun Hausawa ne suka faɗa?

Kawu:
Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Yayarki ta ɗauko magana mai kyau ta ajiye ta inda ba wurinta ba. Wannan karin maganar a kan sirri aka yi ta, wani ya ba ka amana ka riƙe, ko ka ga abin kunyar ɗan'uwanka ka haɗiye. Ban taɓa jin an ce wa mai ciwon haƙori ya bar shi a ciki ba.

Ɗan Auta:
Kawu a gafarce ni amma ni ina bayan yayarta kaɗan. Na taɓa shiga irin wannan halin na dinga faɗa wa duk wanda na gani, wlh kullum in na maimaita labarin sai in ji kamar yau abin ya faru, ga shi wasu suka mayar da ni abin hira. Ba kowane kunne ba ne wurin sauke kaya. Ita ma ta kashin ai asalinta a kan mai ƙumbiya-ƙumbiya ce, wanda ya riƙe abin da ba zai amfane shi ba.

Kawu:
To ai ka faɗa da bakinka yaro, abin da ba zai amfane shi ba. Damuwar da ta hana ta barci me take amfana mata? Inda na yarda da kai shi ne a zaɓi mutum ɗaya ko biyu, ba a yi shela ba.

Anti Nas:
Ku bar ni in sa baki tunda aikina ne. Ƙanwata, akwai bambanci tsakanin ɓacin rai na kwana biyu da ciwon damuwa. In ƙunci ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 kusan kullum, ga barci ya lalace ga kasala, likitoci ciwo suke ɗaukarsa ba raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, kuma ya fi yawa a mata. Ke kin ce wata biyu, ki je ki ga likita, a can kam ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma in har tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki kar ki jira gobe, yau ki faɗa wa wani ki tafi asibiti.

Mai Alli:
Ni abin da ke ba ni haushi yadda muka mayar da "ki yi haƙuri" hanyar rufe wa mutum baki. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to dafawa ai aiki ne, sai an hura wuta an yi ta iza ta, ba zama za ka yi kana kallon dutsen ba. Lokacin da nawa ya taso abin da aka koya min shi ne kar in jira sai na ji sha'awar yin abu, in fara yi tukun sha'awar ta biyo baya. Na fara da gyara gado kawai, sai tafiyar minti goma da safe rana na dukana, kuma lokacin tashi ɗaya kullum ko da daren ban yi barcin kirki ba. Waya kuwa a wani ɗakin nake barinta tana caji, don in tana kusa da filo to sai asuba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗan Auta:
Sai dai a daɗe ba a je ba, Malam ka ƙarasa ta mana 😂 Amma gaskiya ni rubutu ne ya cece ni, minti goma sha biyar in zazzage komai a takarda in yage. Ka ga na fitar da kashin kuma cikina ya riƙe sirrinsa, na bi Hausawan duka biyu.

Anti Nas:
Rubutun yana taimakon wasu sosai. Motsa jiki ma haka, minti 150 a mako ake so ga babba amma ko kaɗan ya fi babu. A rage kofi da yamma don yakan yi awanni a jiki, in ƙirji ya cushe kuma a ja numfashi a hankali a sake shi ya fi jan tsawo. Sai dai duk waɗannan mataimaka ne, basa maye gurbin likita in abin ya yi nauyi, kuma ko magani aka ba ki yakan ɗauki makonni kafin ki ji canji, kar ki yar da shi a kwana biyar.

'Yar Fari:
Na gode ƙwarai. Jiya na bar wayar a falo, ban yi barci da wuri ba gaskiya amma na fita da safe na zaga layinmu sau ɗaya. Ƙawar tawa ta ce za ta raka ni asibiti ranar Litinin. Kawu, yanzu ita yayar tawa ya zan yi in faɗa mata ba tare da ta ga kamar na raina shawararta ba?