Naɗar kiran waya a kwamfuta: abin da aka fi jaddadawa

A wata tattaunawa kan yadda ake naɗar kiran waya a kwamfuta, aikin naɗar kansa bai ɗauki mutane lokaci ba. Yawanci manhajar naɗar sauti ta Audacity suka nuna, tunda kyauta ce. Sai dai an ja kunne: in ka ajiye waya a kan lasifika kusa da makirfo, muryarka za ta fito raɗau, ta abokin magana kuwa kamar daga cikin rijiya. Gara ka yi kiran ta kwamfutar, ka naɗi sautin daga cikinta, ka kuma gwada da wani tukuna.

Gardamar tana wajen doka. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta wadatu da yardar mutum ɗaya cikin masu maganar, ko da kai ne. Amma jihohi irin su Kalifoniya da Filorida sai kowa ya amince. Jamus ma tana da tsanani: sashe na 201 na dokar laifuffukanta ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya naɗi maganar wani ba da izininsa ba. To in kiran ya tsallaka iyaka fa? Nan aka ce bi dokar da ta fi tsauri.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ka faɗa tun farko, "ina naɗa, ka yarda?", amsarsa ta shiga cikin faifan. Kuma izinin naɗa daban, izinin yaɗawa daban.