Sai an killace misali da alama a cikin umarnin da ake rubuta wa na'urar AI?

Aminu: Ni a ganina, saka misali tsakanin <misali> da </misali> kwalliya ce kawai. Na'urar ba ta tantance XML, wato tsarin irin waɗannan alamomi, rubutu take gani. Tun zamanin GPT-3, na'urar AI ta kamfanin OpenAI, a 2020 ake jera misalai haka nan ba alama, kuma suna aiki.

Binta: Rabin maganarka gaskiya ne, Malam Aminu. Sunan alamar ba shi da wani sirri, ko <misali> ka rubuta ko <gwaji>, duk ɗaya. Amfaninta iyaka. A ce kana so ta rarraba saƙonnin masu saye zuwa ƙorafi, tambaya da yabo. Ka ba ta misalai uku, ka liƙa saƙon gaske a ƙasa ba shinge. Sai ta amsa na misalin, ko ta ɗauki "ku maido mini kuɗina" a matsayin umarninka. Shi ya sa jagorar Anthropic, kamfanin da ya ƙera na'urar AI mai suna Claude, ta ce misalai 3 zuwa 5, kowanne a alamarsa, a haɗa su cikin babbar alama guda. Saƙon gaske kuma a ba shi tasa.

Aminu: Ai layin tsaga ma zai raba su, Hajiya.

Binta: Har ranar da saƙon mai saye ya zo da nasa layin. Alama tana nuna farko da ƙarshe, layi bai san ƙarshe ba.

Usman: Kuna ta gardama a kan shinge, kun bar gonar. Ɓarnar tana cikin misalan kansu. Wani bincike na 2021 a kan GPT-3 ya nuna tana karkata ga amsar da ta fi yawa a misalai, da kuma wadda ta zo ƙarshe. In uku cikin huɗu ƙorafi ne, sai kusan kowa ya zama mai ƙorafi. A daidaita yawansu, a cakuɗa jerin, a sa guda mai wuya, kamar wanda ya yaba sannan ya koka. Tsawo ma kwaikwayonsa take yi: misalai masu layi biyu, amsa layi biyu. Kuma in ka rubuta "kudi" da "karshe" ba lanƙwasa, kada ka yi mamaki in ɗ da ƙ sun ɓace a amsarta.

Aminu: To ga binciken 2022 da ya gano ko an sa amsoshin kuskure a misalai, sakamakon bai faɗi sosai ba. Me za ku ce?

Binta: Ai ni ka taimaka wa. Ya nuna siffar misalan na cikin abin da take koya, siffar kuwa ita alama ke fitarwa. Sannan a kan rarrabewa da zaɓin amsa aka gwada, da na'urorin lokacin. Kada wani ya ɗauke shi lasisin sakaci.

Usman: A gwada mana. Saƙonni 20, sau ɗaya da alama, sau ɗaya babu, kada a taɓa komai ban da ita. A tabbata biyar a ciki suna ɗauke da kalaman umarni, don nan ne bambancin zai fito in akwai shi.

Aminu: Na yarda, amma ni zan zaɓi saƙonnin.