An ƙi karɓar aikina saboda ramukan fayif ɗin kashe gobara, ku ba ni shawara

Nura Mai Famfo: Salamu alaikum 'yan'uwa, ina cikin damuwa. Otal ne mai hawa biyar a Abuja, ni na karɓi aikin sifirinkila (fayif da kawunan da ke fesa ruwa idan gobara ta tashi) daga hannun babban ɗan kwangila tun bara. An tsayar da aikin wata huɗu saboda kuɗi, kayan ma da kuɗina na sayo rabi, yarana biyu suka tafi wani aikin. Mun gama, mun gwada da ruwa, ko ɗigo babu. Jiya kwansalta ya zagaya da jan maka, ya yi wa ramuka 63 alama, wai duk inda fayif ya ratsa bango ko dakin (kankaren da ke tsakanin hawa da hawa) ba a toshe shi yadda wuta ba za ta bi ba. Alhali na cika su da kumfar gwangwani, na yanke ta tsaf. Saura kwana 12 a miƙa gini. Me zan yi?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam Nura, ba ka faɗi abin da ake bukata ba: fayif ɗin ƙarfe ne ko roba, inci nawa, bangon bulo ne ko na allon jibsam, kuma awa nawa zane ya ce ya jure wuta?

Nura Mai Famfo: Baƙin ƙarfe ne, Injiniya. Babban fayif mai hawa sama inci 4, rassa inci 2. Matakala bulo inci 9, lungun ɗakuna jibsam. Zane ya ce awa 2. Amma fa a jikin gwangwanin an rubuta tana jure wuta.

Injiniya Bashir: Rubutun gwangwani ba hujja ba ne. Ba kayan kaɗai ake gwadawa ba, haɗin ake gwadawa: irin bango, irin fayif, faɗin tazara da kaurin abin toshewa, a ƙarƙashin ƙa'idojin gwajin wuta na UL 1479 ko ASTM E814, ko EN 1366-3 na Turai. Bangon awa 2 sai tsarin da ya ci awa 2. Ka nemi takardar tsarin wurin mai sayar da kayan. Na fayif ɗin ƙarfe a jibsam lambarsa ta UL kan fara da W-L-1, na kankare C-AJ-1.

Ka ƙwaƙule kumfar duka, ka goge ƙura da mai daga jikin fayif. A jibsam, gam mai jure wuta za ka zagaya da shi ta fuska biyu, yawancin tsare-tsaren awa 2 kaurin milimita 16. A dakin kuwa, ka danna audugar dutse (wani abu kamar auduga da ba ya cin wuta) mai nauyin kilo 64 a kowace mita kubik har ta matse, ka bar gurbi daga sama, ka cika da gam. Lissafi: fayif inci 2 faɗinsa milimita 60 ne, idan ramin 85 ne, fuska biyu za su ci kamar mililita 90. Kwalbar gam mai mililita 310 rami uku ke nan. Kuma kada nauyin fayif ya zauna kan gam ɗin, a sa masa marataya kusa da bango.

Garba Birkila: Duk wannan kashe kuɗi na mene? A bangon matakala siminti da yashi ya isa. Matsalar ita ce masu famfo ba sa zuwa lokacin ɗora bulo su sa silib (guntun bututun da fayif zai bi ta ciki), sai an yi filasta an yi fenti su zo da guduma su farfasa, a ƙarshe a ce birkila ne bai iya aiki ba.

Injiniya Bashir: Malam Garba, rabin maganarka gaskiya ce. Dokar gini ta Amurka, IBC, ta yarda a cika da siminti idan fayif ɗin ƙarfe ne da bai wuce inci 6 ba, ramin bai wuce inci 12 sau 12 ba, kuma a cika kaurin bangon gaba ɗaya. To bulonmu mai rami ne. Ka zuba kwaɓi ya zurare cikin bulon, a shafe fuska kawai, ciki fanko. Sai an fara toshe ramukan bulon na sama da ƙasa. A jibsam kuma ba ya aiki sam.

Hajiya Rabi: Ni ban yarda da siminti a fayif mai hawa sama ba. Famfo na tashi fayif yana motsi, simintin zai tsage. NFPA 13 ma, wato ƙa'idar girka sifirinkila, inda zane ya yi la'akari da girgizar ƙasa, cewa ta yi ramin ya fi fayif inci 4 faɗi da inci 4, a cika da abu mai laushi. Abin da ke ba ni haushi, ba a sa wannan aikin a takardar farashi, sai ranar miƙa gini kowa ya tura wa ɗan'uwansa.

Injiniya Bashir: Hajiya, wannan sai in zanen ya nema. Malam Nura, kawunan sifirinkila da ke silin fa, me ka yi musu?

Nura Mai Famfo: Na zagaye su da silikon don kada hayaƙi ya bi. Na ga ya fi kyau.

Injiniya Bashir: Subhanallahi. Wannan ya fi ramukan haɗari. Tazarar kan sifirinkila zoben ƙarfensa ne ke rufe ta, ba a sa mata gam. Idan masu ɓoyayyen kai ne, murfin da ke ɓoye kan yakan faɗo a zafin digiri 57 na Salshiyas, 'yar kwalbar da ke tare ruwan, mai launin ja, ta fashe a 68. Ka manne murfin, ruwa ba zai fito kan lokaci ba. Duk kan da silikon ko fenti ya taɓa canza shi ake yi, ba a kankarewa.

Nura Mai Famfo: Canzawa kuma? Sun fi 200, Injiniya. Kuma a gefe kawai na shafa, ban taɓa kwalbar ba. Ita ma kumfar, ba wanda ya hana ni lokacin da nake sawa, kullum suna wurin.

Hajiya Rabi: Ka yi rami ɗaya na gwaji a kowane irin bango, kwansalta ya sa hannu kafin ka sayi katan-katan.

Nura Mai Famfo: Na ji, Hajiya. Amma in na shafa gam ɗin mai jure wuta a kan kumfar ba tare da na cire ta ba, ba zai wadatar ba? Kwana 12 fa.

Garba Birkila: Ni dai na matakala, a ba ni buhu biyu da yaro ɗaya.